Sun maido mini fam 331, amma raina bai gama hucewa ba

Sunan bankin ba zan kama ba. Da su na buɗe asusu a 2022, makon da muka sauka Ingila ni da iyali, kuma har yau ta nan albashina ke shigowa. Maganata a kan sashensu ne na masu matsalar kuɗi, wanda na yi kusan wata biyu ina hulɗa da shi.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a Bradford. Da aka rage mana awanni, ga kuɗin wuta da gas sun yi tashin gwauron zabo, sai na faɗa obadiraf, wato rancen nan da banki ke barinka ka ci gaba da cira bayan naka ya ƙare. Fam 1,000 suka ba ni. Albashi ya shigo ya cike ramin, kafin kwana huɗu haya da harajin kansul (na ƙaramar hukuma) sun mayar da ni ciki. Kuɗin ruwan kashi 39.9 cikin ɗari ne a shekara, kusan fam 28 ke nan duk wata. Irin bizarmu kuwa ba ta yarda mu karɓi tallafin gwamnati ba. Wata goma sha takwas ina haka. Abin da ya fi ci mini rai ma ba yawan kuɗin ba ne, sanin cewa riba nake biya, ni da na tashi a gidan da ko sunanta ba a son ji.

Wani dattijo a masallacinmu, wanda ya taɓa aikin sa kai a Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, shi ya ja ni gefe bayan sallar Isha'i. Ya ce mutane da yawa sun ɗauka maganar neman a maido cajin banki ta mutu tun 2009, lokacin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba bankuna gaskiya. "Ga mai wadata ta mutu, ɗana," in ji shi. "Ga wanda ke cikin ƙunci ba ta mutu ba." Hukumar FCA mai sa ido kan bankuna ta wajabta musu su sassauta wa wanda ya shiga matsi, su kuma lura da wanda ya maƙale a obadiraf wata da watanni. Ya gargaɗe ni kada in ba kowane kamfani ko sisi don ya nema mini, kyauta ne. Na ce, "Malam, kunya nake ji." Ya ce in rubuta kawai.

Na rubuta. Shafi ɗaya, na haɗa da takardun albashi da wasiƙar bashin gas. Bayan kwana tara wata mata daga bankin ta kira ni.

Wallahi na shirya wa wulaƙanci. Na ɗauka za a tambaye ni me ya sa na ci bashin da ba zan iya biya ba. Sai matar nan ta fara da tambayar ko ina wurin da zan iya magana ba kowa, ko kuwa ta sake kira. Ina cikin mota ne a bakin wurin aiki, na ce mu yi. Minti hamsin muka yi. Ta bi abin da ke shigowa da abin da ke fita ɗaya bayan ɗaya: haya, wuta, abinci, mai, takalman makarantar yara. Da na faɗi abin da muke kashewa a abinci sai ta yi shiru, ta ce wannan ai ya yi kaɗan ga mutum huɗu, anya muna cin sau uku? Ban iya ba ta amsa nan take ba. Ni da uwargida mun daɗe da barin abincin rana, ba wanda ya sani, ko yaran ba su lura ba.

Sai muka iso inda nake tsoro. Duk wata akwai fam 60 da ke tafiya Zariya, wurin Inna, na maganin hawan jini da cefane. Na san tana ganinsa a gabanta. Na riga ta, na ce duk abin da za ta ce in yanke zan yanke, ban da wannan. Ta tambaya mahaifiyata ce? Na ce e. Akwai wani mai ɗaukar nauyinta? Na ce Yaya na ƙoƙari, amma albashinsa na malamin firamare ne. Ta ce to za ta rubuta shi cikin abubuwan da ba makawa. Shi ke nan, ta wuce na gaba. Ba wa'azi, ba ta ce in fara kula da kaina tukuna ba, irin maganar da na sha ji a ƙasar nan. Na kifa kai a sitiyari na ɗan jima kafin in shiga aiki. Ranar nan take ta dakatar da kuɗin ruwan. Wannan matar, Allah Ya shirye ta Ya saka mata da alheri, ita kaɗai ta isa in ce kowa ya gwada.

Doka ta ba banki mako takwas ya ba da amsar ƙarshe. A na bakwai wasiƙa ta zo: sun yarda ya kamata su gane halin da nake ciki tun da wuri, za su maido fam 331. Ni lissafina 486 ne. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har na kira Malam na yi masa albishir.

Da na sake karanta wasiƙar da daddare sai murnar ta fara tsinkewa. Wata shida na farko sun ce ba za su maido ba, wai a lokacin ba su da dalilin zargin ina cikin matsala. Ba su da dalili? Asusun a hannunsu yake. Suna ganin albashi ya ragu da kusan kashi uku bisa goma, suna ganin kuɗin gas ya dawo ba a biya ba har sau biyu, su da kansu suka mayar da shi. Duk tsawon wata goma sha takwas ɗin nan ba ɗan Adam ɗaya da ya kira ni. Saƙon na'ura kawai, kullum iri ɗaya, cewa na shiga obadiraf, kamar ban sani ba. A ciki ma har tayin ƙarin rance ya taɓa fito mini a manhajarsu. Ashe akwai sashe guda da mutane masu tausayi a zaune, amma sai ka zubar da mutuncinka ka zo da kanka kafin a nuna maka ƙofa. Nawa ne irina da kunya ta hana su rubutawa?

Kuma kuɗin ban riƙe su a hannu ba, cikin bashin aka zuba, ya sauko zuwa fam 640 da ɗoriya. Wannan na fahimta, bashi ai bashi ne. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba a faɗa mini a waya ba cewa tsarin biyan fam 40 a wata da muka yi zai hau tarihin bashina, wanda masu ba da rance ke dubawa, kuma irin wannan tabo kan yi shekara shida. A shafi na uku na gan shi, cikin ƙananan rubutu. Mu da muke fatan canza gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da an faɗa mini, da ma zan yarda, amma da sanina.

A ƙarshen wasiƙar sun ce ina da wata shida in kai ƙara wurin Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su, in ban gamsu ba, su ma kyauta ne. Uwargida ta ce, "Maigida, fam 155 ɗin da suka rage cefanen mako biyu ne, hakkinmu ne." Malam ma ra'ayinsa ke nan. Na sauke fom ɗin jiya, na cike rabi, saura in nemo takardun albashin watannin nan shida.