Sharhi kan sabon silin da aka ɗinka wa a-kori-kurata Fijo 504

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Fijo 504 ya san cewa injinta da giyarta da kayan ƙasanta ba su ne ke ba da wahala ba, domin kanikawan da suka san su suna nan a kowane gari, kayan gyara kuma ba su yanke a kasuwa ba. Abin da ya yi wuya shi ne samun wanda zai gyara cikin gidan gaba yadda aka yi shi tun asali, musamman silin, wato ledar da ke rufe ƙarfen rufi a saman kan direba. Tawa harhaɗawar Kaduna ce, daga masana'antar Peugeot da ke Kakuri wadda ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa. Ina ganin mota mai irin wannan tarihi ta cancanci a yi mata aiki na mutunci, shi ya sa na jira sabon silin ya sha zafin bazara ya kuma ga damina kafin in rubuta ra'ayina a kan aikin da wani mai ɗinkin kujerun mota ya yi mini a Kaduna.

Lokacin da na kai motar, tsohuwar ledar ta bushe ta tsattsage, ɗinkin da ke riƙe da ita ya ɓalle a tsakiya, ta zazzago har tana gogar hulata idan na zauna. Wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin ni ya cusa soso ta inda ya yage ya shafa gam, sosan ya ruɓe ya koma gari mai ruwan ɗorawa, yana zubo wa mutum a kafaɗa duk lokacin da aka faɗa rami. Da rana kuwa zafin ƙarfen yana sauka kai tsaye a tsakiyar ka.

Masu shago da dama da na fara zagayawa hanya ɗaya suka nuna mini: a yage komai, a sayo yadin nan mai siririn soso a bayansa wanda ake sa wa motocin zamani, a shafa gam a manna shi a jikin ƙarfe. Aikin yini guda ne, kuɗinsa kuma ba shi da yawa. Na ƙi wannan hanya saboda dalilin da duk mai mota a ƙasarmu ya gani da idonsa. A motocin zamani ana manna yadin ne a kan wani faranti da aka yi daidai da siffar rufin, kuma duk da haka idan shekaru suka ja sosan yakan mutu saboda zafi, yadin ya saki ya rataya. To ina ga wanda aka manna a jikin ƙarfen da rana ke dukansa tun safe, a garin da zafin watan Afrilu ke kusantar digiri 40, ƙarfen rufi kuma ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba? Silin tsofaffin motoci irin tawa ba a jikin rufi yake manne ba. Rataye yake a kan waɗansu siraran sandunan ƙarfe masu lanƙwasa da suka ratsa daga gefe zuwa gefe, an zura su cikin aljifan da aka ɗinka a bayan ledar, gam kuma a bakin gefuna kawai ake sa shi, inda robar gilashi da robar ƙofa za su danne shi. Tsakanin leda da ƙarfe akwai fili, kuma wannan filin yana cikin abin da ke hana zafi isowa.

Wanda na ba aikin dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma abin da ya sa na amince da shi shi ne tun kafin mu yi maganar kuɗi ya nemi a cire tsohon silin ya ga abin da ke ƙarƙashi. Yaransa suka kwance madubi da kariyar rana da fitilar ciki, suka zare robar ƙofofi, suka sauke ledar a hankali ba tare da sun ƙarasa yaga ta ba, saboda da ita za a auna sabuwar. Ya bi bakin rufin da babban yatsansa, ya tsaya a kusurwar da ke saman ƙofar fasinja inda fenti ya kumbura, sannan ya sa yaro ya hau ya tsiyaya ruwan buta a kwatar da ke gefen rufin. Ba a jima ba ruwa ya fara tsattsafowa ta ciki, yana bin ƙarfen yana gangarowa. Ya juyo ya ce mini, “Alhaji, idan na rufe wannan a haka, kuɗinka ka zubar, sunana kuma ya ɓaci. Ka kai wa mai walda ya toshe, a kankare tsatsar a shafa fenti, sannan ka dawo mini da ita.” Na ce, “Malam, ba za ka iya toshewa da gam ba?” Ya ce gam ba ya kashe tsatsa, ɓoye ta kawai yake yi. Wannan ya ƙara mini kashe kuɗi da jira, amma a yau ina ganin shi ne mafi amfani a cikin duk abin da aka yi wa motar, domin da an rufe wurin da ruwa ya ci gaba da taruwa a bayan leda ba tare da kowa ya sani ba.

Sandunan sun zo da tasu matsalar. Kafin a cire su ya sa aka naɗa wa kowanne takarda mai gam aka rubuta lambarsa daga gaba zuwa baya, saboda tsawonsu da lanƙwasarsu ba ɗaya ba ne, kuma idan aka sauya musu wuri silin ba zai taɓa zama daidai ba. Ɗaya ya ɓace tun da daɗewa, wanda shi ne asalin zazzagowar tsakiyar. Ya ƙi yarda a lanƙwasa rodi a maye gurbinsa, ya ce rodi ba shi da tsalle irin na asalin ƙarfen, zai saki bayan ɗan lokaci. A kasuwar Panteka aka samo wani daga jikin motar da aka yanka, aka goge shi da sauran, aka shafa musu fenti don kada tsatsarsu ta ɓata leda ta baya.

A kan abin da za a shimfiɗa a jikin ƙarfe don tare zafi ne muka ɗan yi ja-in-ja. Ya saba amfani da soson katifa mai laushi saboda shi ne a kusa kuma ya fi araha, ni kuma na nemi a sa soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, mai takardar alminiyam a fuska ɗaya, irin wanda ake sa wa rufin gini da bututun na'urar sanyaya ɗaki. Hujjata ita ce ƙarfen rufi yakan yi gumi ta ciki da sanyin safiya a lokacin damina, soson katifa kuma yana tsotse laima ya riƙe ta a jikin ƙarfe. Bai yi gardama mai tsawo ba, ya yanka shi gunduwa-gunduwa daidai tsakanin sanduna, ya bar wurin da sandunan za su juya. A nan ne kawai aka sa gam a jikin rufi, kuma na yaba da ya nemi irin wanda ke jure zafi maimakon na masu gyaran takalmi da ake sayarwa a gwangwani ba suna. Kafin a rufe, an sauya wayar fitilar ciki, tunda ta tsufa kuma ba za a sake kai mata hannu ba sai an kwance aikin duka.

Ɗinkin kansa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ya farke tsohuwar ledar a kan ɗinkinta, ya shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabuwa ya zana da alli, ya bar rara a gefuna don a sami abin ja. Aljifan sandunan da yadi mai ƙarfi ya yi su, layin ɗinkin kuma ya miƙe sambal. Na zaɓi leda mai ruwan madara mai ƙananan huji, wadda ta fi kusa da ta asali.

Ranar ɗaurawa na zauna na kalla, kuma a nan na gane dalilin da ya sa matasan masu shago ke gudun wannan aiki. An cire gilashin gaba da na baya, domin bakin ledar a ƙarƙashin robarsu yake shiga. Ya baza ledar a rana har ta yi laushi, aka zura sanduna, aka ɗora su a ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa gam ba sai da ya kama gefunan duka da maƙalai irin na takarda, yana ja daga tsakiya zuwa gaba da baya, sannan zuwa gefe, yana cire maƙali yana mayarwa, yana ja da baya ya duba, ya dawo ya ƙara ja kaɗan. Da ya gamsu ya shafa gam a bakin ƙarfe da bayan leda, ya jira har ya sha iska ya daina bin yatsa, sannan ya haɗa su ɗan kaɗan-kaɗan yana dannawa da tafin hannu. A kusurwoyi ya yi ƙananan tsaga da reza don ledar ta bi lanƙwasa ba tare da ta tattare ba, inda ta yi taurin kai kuma ya hura mata iska mai zafi da na'urar busar da gashi. Wata dabara da ta burge ni ita ce ya mayar da sukurorin madubi da na kariyar rana cikin ramukansu kafin ya rufe, don haka da aka gama sai ya laluba da yatsa ya ji kan sukuru, ya huda daidai wurin, ba a yi ta cake sabuwar leda ana neman rami ba. Da ya ƙwanƙwasa tsakiyar silin da bayan yatsa, a ɗame take kamar fatar kalangu.

Inda aikin ya gaza shi ne wajen mayar da gilashi. Tsohuwar robar gilashin gaba ta bushe, ta karye a hannu lokacin cirewa, abin da ya kamata a faɗa mini tun farko don in nemo mai kyau a natse. Yaransa suka sayo wata a gurguje, aka zura igiya a cikin kwarinta, ɗaya yana danna gilashin daga waje ɗaya yana jan igiyar daga ciki har leɓen robar ya hau kan ƙarfe. Dabarar daidai ce, amma robar ba ta zauna sosai a kusurwar ƙasa ta gefen direba ba, kuma ruwan sama na farko mai ƙarfi ya shigo ta nan ya jiƙa tabarmar ƙafa. Silin bai jiƙe ba tunda yoyon a ƙasa yake, sai dai dole na kai motar wurin mai gilashi ya sake zama da ita. Mai ɗinki gwani ne a kan leda, amma gilashi sana'ar wani ce, kuma da ya kira mai ita tun ranar da ya fi. Ina ba duk mai niyyar wannan aiki shawara ya tanadi sabuwar roba kafin a fara, ya kuma yi magana a fili kan wanda zai ɗauki asara idan tsohon gilashi ya tsage wajen cirewa, domin hakan na faruwa ko a hannun ƙwararru.

Akwai ƙananan abubuwa ma. Lokacin da ya yi mini alkawari ya wuce sosai, wani ɓangare saboda walda da neman sanda, wani kuma saboda ya karɓi aikin kujerun wata bas a tsakani. Wata 'yar tattara ta rage a saman ƙofar direba wadda zafin rana ya rage ta amma bai share ta ba, kuma akwai ɗigon gam a kusa da fitilar ciki da ya bar tabo mai duhu. Warin gam ya daɗe a cikin motar, sai da na riƙa barin gilasan ƙofa a sauke a inuwa kafin ya fita.

Amfanin kuwa a jiki ake jin sa. A tsakiyar bazara, idan motar ta wuni a rana, cikinta yana yin zafi kamar kowace mota marar na'urar sanyi, amma zafin nan da ke dukan tsakiyar ka daga sama ya tafi, kuma ina iya ɗora tafin hannuna a silin ba tare da na janye ba. Ƙarar ruwan sama a kan rufi ta koma can ƙasa-ƙasa, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya kuma ina hira da wanda ke gefena ba sai mun ɗaga murya ba, duk da cewa ƙarar inji da ta iska suna nan yadda suke. Bayan zafi da damina babu inda gam ya saki, babu inda ledar ta zazzago. Launin mai haske yana kama ƙurar hunturu da shatin yatsu, amma tsumma mai laima da ɗan sabulu suna fitar da su. Fetur ko tina kada a kusantar da su, domin suna busar da leda suna kuma narkar da gam.

Kuɗin da na kashe, idan aka haɗa da walda da soso da roba da mai gilashi, ya ninka abin da masu mannawa suka nema fiye da sau biyu. Wanda motarsa ke dakon buhuna zuwa kasuwannin ƙauye kullum, yana kuma lissafin abin da za ta kawo kafin dare, zai iya ganin wannan ya yi yawa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amma wanda yake son ya riƙe 504 ɗinsa shekaru masu zuwa, ina ba shi shawara ya nemi mai ɗinkin da ya san silin mai sanduna, ya tsaya a kan sai an duba ƙarfen rufin kafin a rufe shi. Ni zan koma wurin wannan dattijo don ya yi mini marufan ƙofofi da kujera, da sharaɗin mu yanke ranar karɓa tun farko, duk abin da ya shafi gilashi kuma a bar wa mai gilashi.