Hoton mutane baƙi-da-fari: waya ko kyamara ta hannu?

Wanda ke son ɗaukar mutane suna cikin harkarsu, majemi a Marwa ko masunci a bakin Binuwai a Garwa, kuɗinsa ya fi amfani a gilashin kyamara (lens, wanda ake ɗaurawa a gabanta), ba a jikinta ba.

Waya ba ta tsorata mutane, wannan babbar riba ce. Matsalarta ita ce tana gyara hoto da kanta, ta goge layukan fuska, alhali su ne ran hoton baƙi-da-fari. In waya za ka saya, duba ko tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta gyara ba.

Kyamara ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, irin Nikon D3300 ko Canon 700D, ta wadatar. Kafin ka biya, nemi adadin hotunan da ta ɗauka. Sannan ka saita f/16 (lambar f ita ce girman ƙofar haske a gilashi, in ta yi yawa ƙofar ta tsuke) ka ɗauki farin bango: ɗigo-ɗigon da ka gani ƙura ce a kan sensa, farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Kaɗan tana gogewa. Ƙarzuwa kuwa, ka bar musu kayansu.

Gilashi ne wurin tsayawa. Lambar mm in ta ƙaru, gilashi ya fi jawo abu kusa. A Nikon ɗin nan gilashin 50mm yana aiki kamar 75mm, a Canon kamar 80mm. Yana fitar da fuska ya narkar da baya, amma a lungun kasuwa babu wurin ja da baya, sai ka yanke hannu da kayan sana'a. Shi 35mm f/1.8 yana kamo fuska da hannu da rumfa gaba ɗaya, kuma shi muka fi so. Mai zuƙowa 18-55mm yana gazawa a inuwar rumfa, ga shi yana shaƙar ƙura lokacin hunturu.

Kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa. Farar babbar riga cikin rana tana ruɗar kyamara, fuska ta yi duhu. Auna hasken a fuska, ko ka jira la'asar.

Wajen manhajar gyaran hoto, Snapseed kyauta ne kuma yana haskaka fuska ita kaɗai. Lightroom ya fi shi iko da launuka, sai dai wasu kayan aikinsa na biya ne. Ɗauki hoton da launinsa, ka juya shi baƙi-da-fari daga baya. Ƙara hasken launin ruwan lemo kaɗan a manhajar, fata ta fito. In ka zarce, sai ta koma kamar toka.

Yi sallama, nemi izini, musamman ga mata, sannan ka jira mutum ya koma kan aikinsa. Sojoji da gine-ginen gwamnati kuwa, kada ka nufe su da kyamara.