Dokar Ba da Sassan Jiki a Ingila da Abin da Ya Kamata Mu Ɗauka Daga Cikinta

'Yan uwa da ke gida sukan tambaye ni farashin haya da abinci da kuɗin mota a nan Ingila, amma akwai wata hidima da ba a sa mata kuɗi, wadda na ga ya fi dacewa in yi muku bayaninta, domin babu unguwar da za a shiga a Kano ko Gashua ko Haɗeja a rasa gidan da ciwon ƙoda ya taɓa. Ina nufin tsarin da suke bi wajen samun ƙoda da hanta da zuciya da huhu domin dasa wa marasa lafiya, da yadda ake neman yardar mai bayarwa.

Tun daga 20 ga Mayu 2020, duk baligin da ya rasu a Ingila ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yarda a cire sassan jikinsa a dasa wa wani, sai dai idan ya rubuta ƙin amincewarsa tun yana raye. Kafin wannan rana, sai wanda ya kai kansa ya yi rajista ake lissafawa. Mutane suna kiran dokar da sunan wasu yara biyu, Max da Keira. Keira Ball 'yar shekara 9 ce da ta rasu sakamakon haɗarin mota a 2017, iyayenta suka yarda aka ɗauki sassan jikinta, aka dasa zuciyarta a ƙirjin wani yaro sa'anta mai suna Max Johnson. Yankin Wales ya riga Ingila tun a Disamba 2015, Sikotland ta biyo baya a 2021, Ireland ta Arewa kuma a 2023.

Da dokar ta fito, hankalin jama'armu a nan ya tashi ƙwarai, aka yi ta yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa gwamnati ta mallake gawar kowa, kuma akwai ranar da za a rufe ƙofar fita. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Mutum yana iya shiga rajistar masu bayarwa ta hukumar lafiya ta NHS, rajistar da aka buɗe tun 1994, a kowace rana ya ga dama, ta intanet ko ta waya, ya sauya ra'ayinsa sau nawa yake so. Shafin yana ba ka zaɓi: ka yarda da komai, ko ka ware abin da ka yarda da shi, misali ƙoda ban da zuciya, ko ka ƙi baki ɗaya, ko kuma ka naɗa wakili wanda zai yanke hukunci a madadinka. Akwai ma wani gurbi da za ka nuna cewa kana son a tattauna da iyalinka, ko da malaminka, game da addininka kafin a taɓa ka. Tambayar tana bin mutum ko'ina, har a takardar neman lasisin tuƙi tana nan. Dokar ba ta hau kan yaran da ba su kai shekara 18 ba, ba ta hau kan wanda ba shi da cikakken hankalin fahimtarta ba, haka nan baƙon da bai cika wata 12 yana zaune a ƙasar ba. Abubuwan da ba a saba dasawa ba, irin su hannu ko fuska ko mahaifa, ba sa cikinta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa a aikace iyali ne ke da ta cewa. Akwai nas-nas na musamman waɗanda aikinsu ke nan, su zauna da dangin mamaci a wani ɗaki kusa da sashen masu tsananin jinya, su duba abin da ya rubuta a rajista, su karanta musu, sannan su saurare su. Idan dangi suka dage cewa ba su yarda ba, likitoci ba sa yin gaban kansu, idan kuma ba a sami wani ɗan uwa da za a tuntuɓa ba, ana barin gawar yadda take. Shi ya sa sauyin dokar bai kawo yalwar da aka yi zato ba. Iyalai kusan 6 cikin 10 ne suke amincewa, mutane sama da 7,000 kuma suna kan layin jira a faɗin Birtaniya. Ga shi kuma kusan mutum 1 cikin 100 ne kawai yake rasuwa a yanayin da sassansa za su yi amfani, wato a asibiti, galibi yana kan na'urar taimakon numfashi.

Sifaniya ce ake buga misali da ita a duniya, inda masu bayarwa bayan mutuwa suke kusan 50 cikin kowane mutum miliyan ɗaya a shekara, wanda ya ninka na Birtaniya. Sifaniya ta yi irin wannan doka tun 1979, amma shekara goma ta wuce ba a ga wani sauyin a zo a gani ba, sai da aka kafa hukumar dashe ta ƙasa a 1989 ƙarƙashin likita Rafael Matesanz, aka zuba jami'ai masu horo a asibitoci domin gano masu bayarwa da magana da iyalai. Amurka kuwa har gobe sai wanda ya yi rajista da kansa, yawanci a ofishin lasisin tuƙi, duk da haka tana gaban Birtaniya. Majalisar Jamus ta yi watsi da tsarin ɗaukar shiru a matsayin yarda a 2020. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa ma'aikata da gadajen asibiti da amanar da jama'a suka ba tsarin su ne suke samar da ƙodar, doka tana biye ne.

Mu baƙar fata a nan muna cikin wani hali mai nauyi. Ciwon suga da hawan jini sun fi kama mu, saboda haka mun fi yawa a layin jiran ƙoda idan aka kwatanta da adadinmu a ƙasar, kuma mun fi daɗewa a kai, domin ƙoda ta fi dacewa idan jini da ƙwayoyin halitta sun yi kusa. Amma iyalanmu da ke amincewa ba su kai rabi ba. Dalilan sanannu ne: tsoron jinkirta jana'iza, da girmama gawa, da kuma rashin yarda da hukuma wanda muka taho da shi daga gida. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta dashe a zamanta na Jidda a 1988, da sharaɗin izinin mamaci ko magadansa, kuma ba tare da ciniki ba. A nan Birtaniya an fitar da fatawa a 1995, sannan Mufti Muhammad Zubair Butt ya fitar da wata a 2019. Akwai malaman da har yanzu suke hanawa, musamman a kan batun mutuwar ƙwaƙwalwa, wato a ɗauki mutum a matsayin mamaci saboda ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki alhali na'ura tana riƙe da numfashinsa, kuma ban ga laifin wanda ya bi su ba muddin ya rubuta matsayinsa ya kuma sanar da iyalinsa.

Idan na juyo gida, bambancin ya wuce na doka. A nan wanda ke da izinin zama yana wankin ƙoda sau uku a mako ba tare da ya biya ko sisi ba, dashen ma haka. A gida kuwa kowane zama a kan na'ura da kuɗinsa, har a sayar da gona da fili, a koma sau ɗaya a mako, daga nan a koma addu'a. Ƙwarewa ba ita muka rasa ba, domin an fara dashen ƙoda a Legas tun 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki. Sai dai kusan duk ƙodar da ake dasawa a Najeriya daga jikin mai rai take fitowa, kuma a nan ne matsalarmu take. Idan wani babba a gida ya kwanta, ana duba wa za a nema, kuma sau da yawa idon yana sauka a kan ƙanin da ake biya wa kuɗin makaranta, ko yaron gida da ba ya iya ɗaga ido ya ce a'a. Kunya da alherin da aka yi wa mutum suna iya tilasta shi fiye da yadda kuɗi za su yi.

Saboda haka abin da nake ganin ya fi cancanta mu ara daga Ingila shi ne yadda suke tantance mai bayarwa yana raye. Kafin a shiga tiyata, sai wani jami'i mai zaman kansa, wanda ba ya cikin likitocin mara lafiyar, ya zauna da mai bayarwa shi kaɗai, ya zauna da mai karɓa shi kaɗai, sannan ya haɗa su. Yana neman shaidar dangantaka, takardun haihuwa ko na aure ko tsofaffin hotuna, yana tambaya ko an yi alkawarin wani abu, ko akwai matsin lamba. Rahotonsa yana zuwa ga wata hukuma ta daban, ita ce mai ba da izini. Idan mai bayarwa ya janye, likitoci suna rufa masa asiri a gaban dangi. Ana mayar masa da kuɗin mota da albashin kwanakin da ya rasa, ba a ƙara masa komai a kai. Duk mun ji shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023 bayan an kawo wani matashi mai talla a titin Legas da sunan ɗan uwa domin a cire ƙodarsa. Tambayoyin da likita ya yi wa yaron ne suka nuna cewa bai fahimci abin da aka kawo shi yi ba, aka dakatar da aikin tun kafin a kai ga wuƙa. Irin wannan tantancewa ba ta bukatar jirgi mai ɗaukar zuciya cikin dare ko rumbun bayanai na miliyoyin mutane, ɗaki ɗaya take bukata da mutumin da ba asibitin ke biyansa albashi ba, kuma ba ya jin tsoron mai kuɗi.

Ga iyayen da 'ya'yansu suka zo karatu ko aikin jinya a nan, ku sani cewa da zarar sun cika wata 12 dokar tana iya hawa kansu. Ku ce su shiga rajistar su rubuta abin da suka zaɓa, ko yarda ko ƙi, su sanar da ku, su kuma ajiye lambar wayarku a wurin likitan unguwarsu, domin idan ta Allah ta kasance, ku za a nema kafin a yanke hukunci.