Masu odar abinci a Garwa ku yi hattara, sefa 25,000 ta ci mini

Jama'ar Garwa don Allah ku karanta wannan kafin ku sake tura ma wata kuɗi a kan hoton abinci, ni dai har yanzu raina tafasa yake. Sefa 25,000. Faranti 12 na shinkafa da kaza da salak, dubu 2 kowane, ga dubu 1 na ɗan moto, 25,000 cif na tura ma wata mai sayar da abinci a Facebook ta Orange Money, abin da ta aiko min kuwa lalataccen abinci ne.

Kuma kar wani ya zo min da zancen ai ba ki bincika ba. Na bincika! Na bi shafinta na Facebook tun daga ƙasa, hotuna tsaf tsaf, bidiyon kicin mai tayil, mai girki da hula da safar hannu, mutane sai sa albarka suke a ƙasa. Ban tsaya nan ba na kira ta a waya, mace ce da sallamarta da insha Allahunta, ta ce min "Hajiya ki kwantar da hankalinki, abin da 'ya'yana ba za su ci ba ba na sayar wa mutane". Wannan maganar ce ta sa na tura. Abin da 'ya'yana ba za su ci ba. Waye zai ji haka daga bakin uwa ya yi zargi?

Bayan an ci abincin, ɗana mai shekara 6 sai da aka yi masa ƙarin ruwa, asibiti da farmasi 18,500, ban da 25,000 ɗin. Amma kunyar surukata ta fi min ciwo, daga Marwa ta taso da ƙannenta, tsohuwa ta kwana tana zaryar bayi a gidana ta kasa haɗa ido da ni da safe.

Ƙarfe 1 muka yi da mai abincin, abinci bai iso ba sai bayan la'asar, a wannan zafin na Garwa da ke wuce digiri 40. Robobin a rufe ruf, an naɗe da salatif har da sitika mai suna, to wannan rufin ne ya ƙara kwantar min da hankali. Da na buɗe shinkafar ɗumi ɗumi ba zafi ba sanyi, ta ɗan yi danƙo, kazar an soya ta har ta yi baƙi an zabga mata yaji, sai ka kai kusa da ƙashi kake jin wani ɗan bashi bashi, salak ɗin kuwa mayonez ya tsinke ya zama ruwa, shi na zubar. Sauran na ɗora a wuta na ɗumama sosai kamar yadda kowace mace za ta yi. Ashe a asibiti ma'aikaciyar jinya ke gaya min dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, kuma shinkafar da ta daɗe a ɗumi akwai dafin da ƙwayoyin cuta ke bari a ciki wanda ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Wa ya san tun yaushe aka dafa wannan?

Na manta ban faɗa ba, ɗan moton da kansa ya ce ba a gidan abinci ya karɓo ba, wani yaro ne ya miƙa masa leda a bakin titi wajen Yelwa, ita kuma ta ce min restoran ɗinta yana Poumpoumré. Sunan da ya fito lokacin tura kuɗin ma na namiji ne, na tambaya tun a lokacin, ta ce layin maigidanta ne. Mata nawa ke sana'a da layin mazajensu a garin nan? Ba abin zargi ba ne.

Da safe na rubuta mata a WhatsApp cikin mutunci, ta karanta ta yi blokin ɗina. 'Yar yayata ce ta gano hotunan duk na wani shafi ne na Duwala, masu yabon kuma yawancinsu ba hoto ba abokai. Yanzu ta canza sunan shafin, hotunan dai su ne. 25,000 na halak ɗina, Hajiya ki kwantar da hankalinki, Allah ya isa ban yafe ba.

Wanda ba ku san ƙofar kicin ɗinsa ba kar ku biya shi kafin kaya su zo, in abinci ya iso ba zafi ku mayar. Rasit ɗin tura kuɗi da hirarmu da takardar asibiti duk suna hannuna, da dare zan saka hotunansu, in akwai wadda ta taɓa yi wa haka ta yi min magana mu je komisariya tare.