Na'urar auna gishirin ƙasa: abin da take iya faɗa game da dabino

Na yi amfani da wata ƙaramar na'ura ta hannu mai auna gishirin ƙasa a garkar dabinonmu da ke bakin Gulbin Maraɗi, kuma hukuncina shi ne ta cancanci kuɗinta, amma rabin tambaya kawai take amsawa. Tana nuna ko takin zamani ya yi yawa, tunda yawansa yana tara gishiri a ƙasa, amma ba ta faɗin sinadarin da itace ya rasa.

Aikinta mai sauƙi ne. Ana ɗebo ƙasa daga wurin da saiwa take, a dama ta da ruwa mai tsabta, a tsoma bakin na'urar, sai lamba ta fito. Da na gwada gindin ƴan dashen da aka zuba wa uriya da NPK 15-15-15 a jere, lambar ta zarce ta ƙasar da ba a taɓa ba nesa ba kusa ba, kuma alamun ido sun gaskata ta: bakin ganye ya ƙone a rassa da yawa lokaci guda jim kaɗan bayan zuba takin, farin ɓawo ya fito a saman ƙasa, itacen kuma yana yaushi alhali ana ba shi ruwa, domin gishirin da ya taru yana hana saiwa sha. Babban dabino yana da juriyar gishiri, amma ɗan dashe ba shi da ita sosai. Maganin shi ne a dakatar da taki, a yi ban ruwa mai yawa har gishirin ya sauka ƙasa da saiwa.

Inda lambar ta fito ƙasa alhali ganye yana rawaya, dole mutum ya koma ga idonsa. Ƙarancin sinadarin potasiyam, wanda ƙasa mai yashi irin tamu take saurin zubarwa, yana farawa a hankali daga tsofaffin rassan ƙasa da ɗigo-ɗigon rawaya da ruwan goro, daga baya bakin ganyen ya bushe. Ƙarancin magniziyam yana shata rawaya a gefen tsohon reshe, tsakiyarsa kuma ta tsaya kore. Idan sabon tofo ne ya fito a nannaɗe ko a koɗe, sai a zargi ƙarancin sinadarin manganis ko na ƙarfe. Wanda ya ga rawaya ya ƙara uriya yana tsananta matsalar potasiyam ne, haka ma wanda ya sare rassan da suka fara rawaya, tunda daga cikinsu itacen yake janyo sinadarin zuwa sabbin ganye.

Aibin na'urar biyu ne. Takardar bayaninta ba ta da Faransanci balle Hausa, kuma ruwan da ake daidaita ta da shi yana da wuyar samu a gari. Shi ya sa ban dogara da lamba ɗaya ba. Kullum nakan gwada gindin itacen da nake zargi tare da na mai lafiya da kuma ruwan rijiyar kansa, sannan in yanke hukunci.