Madubin bindiga a nan Amurka, na farauta daban na tactical daban

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara. Kan madubin nan da ake ɗaura wa bindiga da kake ta gani a bidiyon Facebook, nan jihar Minnesota kaya ne na kanti kawai, in ka shiga kantin Cabela's na garin Owatonna za ka tarar an jera su cikin gilashi reras, ka ɗauka ka leƙa ba mai ce maka kanzil.

Iri biyu ne. Na farauta shi mutanen ƙauye suka fi saya, don watan Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, sai ka yanki lasin ka saka riga ruwan lemo mai ɗaukar ido kar wani ya harbe ka, kuma doka ta ba ka daga rabin awa kafin rana ta fito zuwa rabin awa bayan ta faɗi, to lokacin ne barewa ta fi fitowa, shi ya sa abin da suke nema gilashi mai haske da duku-duku. Yawanci za ka ga an rubuta 3-9x40, wato yana jawo abu sau 3 zuwa sau 9, faɗin gilashin gaba milimita 40. Cikinsa layi biyu ne kawai a giciye, kauri a gefe siriri a tsakiya, kamfanin Leupold na Oregon ne ya fito da salon tun 1962. Wajen saitin a rufe yake da murfi, ka saita sau ɗaya a yadi 100 shikenan, ko reshe ya goge shi ba zai juya ba. Bai kai rabin kilo ba, da dala 200 zuwa 300 ka samu mai kyau.

Shi kuwa tactical ɗin na sojoji ne da 'yan gasar harbin nesa, kuma wallahi da ka ɗaga za ka san ka ɗauki kaya, kusan kilo guda. Irin su 5-25x56, bututun ma ya fi kauri, milimita 34 maimakon inci ɗaya. Wajen saitinsa a buɗe yake, manya da lambobi a jiki, kana murɗawa kana jin ƙas ƙas, a yawancinsu kowane ƙas santimita ɗaya ne a mita 100. In ka leƙa ciki kuwa ɗige-ɗige ne da ƙananan layuka birjik na lissafin iska da saukar harsashi, kana ƙara jawo hoton suna ƙara girma tare da shi, na farauta kuwa layinsa yana nan yadda yake. Na kamfanin Nightforce na Idaho ko Schmidt & Bender na Jamus sai ka ji dala 3,000 har sama.

Ni dai a ganina da yawan masu sayensa a nan gayu ne. Dajin arewacin jihar itace ne cunkus, barewa za ta ɓullo maka kusa, kafin ka nemo ta cikin wannan tarin layuka ta yi gaba, ga nauyi kana saɓe da shi wuni guda cikin ƙanƙara. Su Kawu da suke kwantar da gada da bindigar toka da sun ga abin sai sun yi dariya.

Abin da ya fi burge ni ma garanti ne. Vortex, kamfani ne a Wisconsin maƙwabtanmu, ko kai ka yar da shi ya fashe za su gyara ko su canza maka kyauta, ba sa tambayar rasit, ko a hannun wani ka saya. Ka tuna yadda muke fama da masu shago a gida, kaya ya bar ƙofa ya zama naka.

Amma don Allah kar ka ce in saka maka ɗaya a akwati. Fitar da shi daga Amurka sai da lasin gwamnati, kuma da halin tsaron da ake ciki a gida in kwastan suka gan shi a jakata a Kano ban san bakin da zan yi bayani da shi ba. In madubin hangen nesa na hannu kake so na duba shanu wannan ba matsala, ka faɗa min kafin Disamba.