Tebur mai juyawa na koyar da motsin teku: abin da na gani

Na sayi ƙaramin teburin gwajin nan ne saboda ɗalibaina sun haddace cewa ruwan teku yana zagaya wuri ɗaya bayan iskar da ta tura shi ta lafa, amma ba wanda ya yarda da shi har zuci. Kayan ba su da yawa: faifai mai inji, faranti mai zurfi kamar kasko, ƙwallon ƙarfe, da mariƙin waya da ke juyawa tare da faifan.

Mariƙin wayar nan shi ne ya biya kuɗin. Idan ka tsaya a gefe kana kallo, ƙwallon kai-kawo yake yi a farantin, sau ɗaya a kowane juyi na teburin. Amma a bidiyon wayar da ke kan faifan, ƙwallon nan dai da'ira yake zanawa, har sau biyu kafin teburin ya gama juyi ɗaya. Motsin bai canza ba, mazaunin mai kallo ne ya canza. Mu kuma a kan duniya mai juyawa muke auna teku, shi ya sa lissafin da ke ɗauke da sunan Coriolis, Bafaranshen da ya yi bayaninsa a 1835, yake ninka saurin juyawar duniya biyu. Tsawon lokacin zagayen ruwan teku ya danganta da wuri: a ƙuryar arewacin duniya yakan ɗauki wajen awa 12, a digiri 30 daga ikwaita (layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu) kusan awa 24, a gaɓar Legas kuwa ya haura kwana huɗu. A tekun Baltik da ke arewacin Turai an auna shi tun shekarun 1930, aka samu kusan awa 14.

Sai dai teburin ba ya nuna wannan bambancin wuri, sai ka koma allo. Sannan dole saurin injin ya dace da zurfin farantin, maɓallin saitin kuwa ba shi da lamba, sai lalube. Ƙwallon ma yakan gaji da wuri, da'irar ta tsuke tun yara ba su gama ƙirgawa ba. Takardar bayanin da ke cikin kwalin, gara ma a ce babu.

Malamin da zai saya ya tanadi waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, kuma ya saita injin tun kafin a shigo aji.